Takun Sarjan Na-Allah

Salamu alaikum, 'ya'yana da jikokina na cikin waya. Wata yarinya ta aiko mani saƙo, wai Kaka Sabuwa ki ji tsoron Allah, tsohuwa mai tasbaha kamarki, ina ke ina rawar Nasara? To ɗiyata, gyara zama. Ni ma ba da tasbaha a hannu anka haife ni ba.

Wanda bai san ni ba, ni ce Sabuwa ɗiyar Maigandi mai albasa, haihuwar Malanbil, nan bakin gulbi inda gada ta haɗa mu da Gaya. Abin da zan ba ku ya faru tun ƙasarmu na amsa sunan Dahome, shekarun da soja ke ta karɓe mulki a hannun juna, ka kwana da shugaba ɗaya rediyo ta tashe ka da wani. A lokacin shekaruna ashirin da bakwai. Mijina na fari ya rasu, na gama takaba na koma gidanmu, ina taya Inna sai da albasa a kasuwa.

Issufu akawun duwan ne, wato kwastan, a bakin gada. Ɗan siriri, gajere, da tabarau, in ya tsaya kusa da ni kansa iyakar kunnena. Ni kuwa Allah ya zuba mani tsawo, ko ranar babbar kasuwa daga nesa ake hango ɗankwalina. Kullum da hantsi sai ga shi rumfarmu sayen albasa. Kullum fa! Gwauro mai cin abinci gidan yayarsa.

Inna tac ce, "Wanga bawan Allah hala da albasa shika wanka."

Ashe in ya duƙa yana zaɓe, 'yar takarda yake cusawa ƙarƙashin kwando. Ku yanzu waya ke yi maku ƙara, mu kwandon albasa ne wayarmu. Ya san ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai yake rubuto mani da ajami, ajamin nan nasa karkatacce, na wanda ya baro allo tun yana ƙarami.

Da manyansa sunka zo, Baba ya daɗe yana shafa gemu. Bayan sun tafi ya kira ni zaure.

"Ɗan lakwal ne, mai matsattsen wando. Amma ina ganin shi a sahu, na ba shi. Sharaɗina guda. Na ji 'yan lakwal na rungumar mata gaban jama'a su ce rawa ce. Kahin a shahwa hwatiha, hannun namiji ba ya taɓa ki, ko nashi ko na wani. In na ji, na kwance maganar. In an ɗaura, ke da mijinki."

Na ce, "To, Baba." Anka sa rana ƙarshen watan bakwai na Nasara.

Ana nan sai ga Bilki, yayar Issufu, matar wani malamin lakwal. Ta zo rumfarmu da laima, ta danne hancinta da hankici.

"Amarya, ana ta ciniki? Kin dai ji zancen bal?"

"Mi ne ne bal, Yaya?"

"Ranar bikin 'yancin kai, kwana uku bayan ɗaurin aurenku. Kumandan mai mulkin gari na tara ma'aikata a bariki, kowa da madam tai. A sa kiɗa, miji shi kama matarshi su taka." Ta sauke ido ta dubi ƙafafuna, duk ƙurar kasuwa. "Ke kam ki yi zamanki gida, ba laihi ba ne. Wasu matan na cikin gida ne, wasu na hita da su ne."

Na ci gaba da ɓare busasshen bawo. Amma maganar ta bi ni har gida. Washegari na ɗaga kwando na iske takarda.

"Zuwa ga Sabuwa. Bayan gaisuwa. Zancen bal kada ya dame ki. Ba sai mun je ba. Zan ce masu ciwon ciki nake. Naki, Issufu."

Jama'a, takardar nan na karanta ta har ta yi laushi kamar tsumma. Na ce shi ke nan, kunyata yake ji. Zai aure ni ya ajiye ni a ɗaka, in yi ta daka da wanki, in za shi cikin mutanensa masu karatu ya ce ciwon ciki. Na samo gawayi na rubuta a bayan takardarsa, "Za mu je," na mayar ƙarƙashin kwando. Da ya karanta sai da tabaraunsa ya zamo masa kan hanci. Ranar ko albasar bai ɗauka ba.

Na nufi gidan ƙawata Hasiya, matar wani jandarma, gajera mai jiki, bakinta bai hutawa.

"Ke, rawa ce hwa, ba karatun likita ba!" tac ce. "Ni da kike gani kamar tulu na koya. Wuri uku ake koyo garin ga. Mu tahi ki zaɓa kamar yadda kike zaɓen albasa, ki latsa ki shinshina."

Na farko bayan tashar mota yake, gidan wani mutumin kudu da ake kira Kwajo. Tun daga waje warin giya ya tarye mu. Direbobin garin Faraku sun miƙe ƙafa bisa benci, kiɗa na tashi kamar za a ɗage rufin kwano. Mai gidan, ƙato, zufa na zuba, yana ganina ya buɗe hannuwa biyu ya taho yana kwaɓa yaren Dendi, "Madam doguwa, zo, zo, yau yau ki iya!" Na yi tsalle da baya har na ture benci. Ban ga rawa ba, hannun wani kawai na gani a ƙugun wata, muryar Baba ta dawo mani. Sai a bakin titi Hasiya ta cim mani tana haki, tana dariya.

"Wagga albasa ta ruɓe," na ce.

Na biyu a lakwal ake yi, ranar Alhamis da ba karatu. Wuri tsaf, an ture tebura gefe, malamai da matan asibiti, kowa ƙamshin sabulu. Amma nan ma mace da namiji ake haɗawa, kuma ko tari da Faransanci suke yi. Wata siririya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambayi Hasiya wani abu, anka kwashe da dariya. A hanya na matsa mata sai da ta faɗa mani: cewa ta yi wai ina da takalmi kuwa? Ga kuma mijin Bilki can a kusurwa yana goge tabarau. Idona na ƙasa har munka fito.

"Saura guda," Hasiya tac ce. "Amma ita ba ke ka zaɓenta ba, ita ka zaɓen mutum."

A hanya ta ba ni labarin. Madam Larai, ƙarshen gari ta hanyar Garu, dab da gulbi. Mijinta Na-Allah tsohon soja ne, sarjan, ya yi yaƙin Nasara, ya zauna da ita Dakar, har teku sun ƙetare tare. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa, tun ranar namiji bai sake taka gidanta ba, ko mai kawo itace a bakin ƙofa yake saukewa. Matan ma'aikata ke zuwa a ɓoye tana koya masu.

Daga waje gidan ƙasa ne kamar na kowa, da awaki da itacen dogon yaro. Amma da anka ɗaga labulen ɗakin tsakiya, sai na tsaya cak. Daɓen siminti ne, an goge shi har yana ƙyalli kamar ruwa kwance, an barbaɗa masa hoda. A bango ga madubi tsawon ƙofa. Ni da ban taɓa ganin abin da ya wuce fuskata a ɗan madubin kwalli ba, ranar na fara ganin kaina tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa. Na ɗan ja da baya, ita ma doguwar matar ta ja. Kusa da madubin hoton wani dogon soja, da hula da lambobi a ƙirji. A kan tebur kuwa ga garmaho, da ƙaton baki na tagulla a buɗe kamar furen kabewa.

Madam Larai ta fito tana dogara sanda. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, furfura fat, gwiwa ta ƙi ta.

"Fofo," tac ce da Hasiya, gaisuwar Dendi. Ta juyo gare ni. "Ɗiyar wa?"

"Ɗiyar Maigandi mai albasa. Shekarata ashirin da bakwai. Hala na tsuhwa da koyo, Inna?"

"Ni da talatin na hwara, gaban matan Nasara, suna dariya. Kuma ba Inna ba, Madam." Ta nuna randa da sanda. "Cika ƙwaryar can da ruwa, ki aza a ka. Tahi bango. Dawo. Sake."

Na je na dawo sau uku, ko ɗigo bai zuba ba. Me za a gaya wa wadda ta girma da kwandon albasa a ka?

"Waɗanda ka zo mani wata uku nike miƙe masu baya," tac ce. "Ke kasuwa ta riga ta yi mani aikin." Ta daɗe tana kallona. Ta dubi hoton bango, ta sake dubana, ta yi magana can ƙasa kamar da kanta take, "Tsawonku ɗaya."

Hasiya ta tuna ta bar tukunya a wuta ta fice. Madam ta zagaya hannun garmaho, ta aza allura bisa baƙin faifai.

Wayyo Allah, jikokina. Na san kalangu, na san goge, na san gurmi. Amma wannan kamar goge ɗari ne ke kuka tare ba mai tsere wa wani, ƙarƙashinsu wani abu na bugawa a hankali kamar zuciya. Tsigar jikina ta tashi. Na leƙa cikin bakin tagullar in ga inda mutanen suke.

"Kin iya lugude?" tac ce.

"Na iya."

"Mata uku, turmi guda. Taɓarya ta hwari da nauyi, biyu na biye da sauƙi. Saurara."

Na kasa kunne. Wallahi ga shi nan! Dum, ta, ta. Dum, ta, ta. Ashe Nasara ma daka suke, a tsaye, da ƙafa.

"Sunanta bals. Matso."

Ta jingine sandar. Ta kama hannuna na dama ta aza shi a bayanta, ƙarƙashin allon kafaɗa. Ta sa hannunta cikin na haguna ta ɗaga sama, ɗayan ta aza a kafaɗata.

"Ƙahwar hagu gaba. Dama gehe. Haɗa. Kada ki dubi ƙasa, ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Tura ni, kada ki ji tsoro. Ki kai ni inda kika so."

Na taka. Abin da na gani ranar har kabarina ba na mancewa. Tsohuwar nan da ta shigo da ɗingishi, da na tura ta sai ta tafi kamar kwalekwale da anka saki a ruwa. Ba nauyi, ba ƙara, ƙafarta ba ta ko tada hodar daɓe. Wuyanta ya miƙe, ta ɗan karkatar da kai, fuskarta ta koma ta yarinya. Na hango mu a madubi muna wucewa, na ce a raina, ya Rabbi, ashe akwai irin wannan abu a duniya, a nan Malanbil, bayan garken awaki, ni ina can ina ƙirga albasa?

Da faifan ya ƙare ta lalubi sandarta, ta koma tsohuwa.

"Kullum bayan azahar," tac ce. "Ke kaɗai. Kada ki zo lokacin sauran."

A gida na gaya wa Inna gaskiya. Tac ce, "Namiji na shiga?" Na ce ko ɗan akuya sai ya yi sallama. Tac ce, "To ban ji ba, ban gani ba. Ki dawo kahin la'asar sakaliya."

Mako biyar ina zuwa. Na koyi juyi, na koyi yadda ake kauce wa bango ba a tsaya ba, na koyi yadda tafin hannu ke gaya wa bayan mutum inda za shi tun ƙafa ba ta motsa ba. A kasuwa ina ɗaure buhu ƙafata na yin dum, ta, ta. Ruwan damina na dukan kwano, gulbi ya yi ja ya cika, mu muna ciki muna zagaye. Madam kuwa kullum sai ta ƙara wani abu. Yau kwalli. Gobe turare mai kwalbar gilashi. Wata rana na iske ta cikin wata doguwar riga ruwan madara da ta fito da ita daga ƙasan akwati, duk ƙamshin kafur. In mun fara sai ta lumshe ido. Sau biyu na ji tac ce, "A hankali, Sarjan." Na ce a raina tsufa ne.

Anka ɗaura aure ranar Alhamis, anka kai ni gidan Issufu. Ko da yake ba auren fari ba ne, kwana uku amarya ba ta leƙa waje. Ranar Juma'a ɗakina cike da mata, ana ta duba kwanoni da tasoshi, sai na ji ƙwas, ƙwas na sanda. Madam Larai, wadda ko biki ko suna ba a ganinta! Ta roƙi mata su ba mu wuri. Ta zauna bakin gado ta kama hannuna mai lalle, ta kasa dubana.

"Ɗiyata, na cuce ki."

"Subhanallahi! Da mi, Madam?"

"Rawar ga taku biyu gare ta. Namiji shi ka zuwa gaba, shi ka riƙe baya, shi ka ja. Mace baya take tahiya, tana bi. Wanda na koya maki ba naki ba ne. Takun Na-Allah ne."

Na zuba mata ido, ta ci gaba.

"Ranar hwari na ce bari in ji sau guda, in tuna. Shekara goma sha ɗaya ni ka riƙe mutane, ba mai riƙe ni. Kullum in ce gobe in koya maki na mata. Kina aza hannu a bayana sai in ce bari sai gobe. Har goben ta ƙare."

Hawaye na bin kwarmin idonta. Na so in yi fushi, wallahi na so, amma na tuna fuskar nan ta cikin madubi sai fushin ya rasa wurin zama. Munka ture tabarma, ta gwada mani na mata a tsakanin gado da jeren kwanoni. Dama baya, hagu gefe. Ina! Da ta ce taka, sai ƙafar hagu ta yi gaba da kanta. Sau goma, har na ture kwano ya yi ƙara, mata sunka leƙo suna tambayar lafiya.

Ban gaya wa Issufu ba. Yaya zan fara? Ko sunansa ba na faɗa, Akawu nake ce masa. Shi ma kwana biyun nan tuwo kaɗan yake taɓawa ya tsame hannu, na ce ai fargabar abin da zan ja masa ce. Na yanke shawara: zan je, a gan ni, in zauna a kujera in ce ƙafata ke ciwo.

Ranar Lahadi na ɗaura atamfa shuɗiya mai zanen ganye, zane da riga da ɗankwali, na zuba awarwaron azurfa na Inna, na sa takalmi marar tudu don kada in ƙara tsawo. Issufu ya sa farar kwat da ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Da la'asar anka fara, don kumandan ya ce a gama kafin hadari da magariba. Babban ɗakin bariki an ja masa tutoci kore da rawaya da ja, an jera kujeru jikin bango, tagogi duk a buɗe. Mutanen gari sun yi dafifi a bayan shingen waya suna leƙe. Ga Bilki can da mafici, ga siririyar nan ta lakwal. Na zauna na fara murza idon sawuna tun da wuri, don a shaida.

Kumandan ya tashi ya yi jawabi da Faransanci, anka tafa. Sai ya ƙara wata magana yana murmushi, duk ɗakin ya juyo gare mu. Hasiya ta zungure ni.

"Ya ce tunda akwai ango da amarya, ku za ku buɗe rawa. Ku kaɗai. Tashi!"

Ban san yadda na kai tsakiyar ɗakin ba. Daɓen nan ya yi mani faɗi kamar gulbi. Wani soja na can yana gyara faifai. Issufu ya tsaya gabana, ya kama yatsuna. Zufa na bin gefen tabaraunsa. Na buɗe baki in ce ƙafata, sai ya riga ni.

"Sabuwa, ki gahwarce ni," yac ce cikin raɗa. "Ban iya ba."

"Kai da ka yi lakwal can babban birni, Fotonobo?"

"Lakwal ta maza zalla ce. In ana koyon rawa ba mata, sai a ɗauki ƙananan aji su zama mata. Ni ne ƙarami duka. Shekara huɗu baya nike tahiya, ban taɓa jan kowa ba. Shi ya sa na ce kada mu zo. Ba ni so a yi maki dariya saboda ni."

Jama'a! Na tsaya ina kallon mutumin nan. Ashe ba kunyata yake ji ba, tasa yake ɓoyo. Na tuna Kwajo da na guje wa, na tuna lakwal, na tuna sharaɗin Baba da ya kora ni har ƙarshen gari, na tuna tsohuwar da kewa ta sa ta cuce ni. Ga yaro can bakin teku ana tura shi baya shekara huɗu, ga ni nan bakin gulbi ana tura ni gaba mako biyar, ba wanda ya san da wani. Tsoron Allah ya kama ni, dariya kuma na son kuɓuce mani.

Allura ta sauka. Dum, ta, ta.

"Akawu," na ce, "aza hannunka a kahwaɗata."

"Mi?"

"Aza. Kada ka dubi ƙasa, ƙasa ba ta zuwa ko'ina."

Na sa hannuna na dama a bayansa, ƙarƙashin allon kafaɗa. Na ɗaga na hagu. Na miƙa ƙafar hagu gaba, tasa ta dama ta ja baya da kanta, kamar tun fil azal take jirana.

Wai! Mutumin nan ya iya bi. Madam Larai kwalekwale ce, shi kuwa kamar inuwata. Kafin tafin hannuna ya gama magana ya riga ya ji. Munka zagaya ɗakin nan sau ɗaya, tutoci na wucewa, fuskoki na wucewa, zanena na kaɗawa, awarwaro na amsa kiɗa. A zagaye na biyu na ji ya saki numfashi, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba duk albasar da ya saya.

"Kada ki sake ni," yac ce.

"Ban saki."

Kiɗa ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit, har kukan kwaɗi na bakin gulbi ana ji. Kowa ya ga hannun wa ke bayan wa. Na ce yanzu dariya za ta fashe. Sai Hasiya, Allah ya jiƙan Hasiya, ta manta a bariki take, ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa. Matan bayan shinge sunka amsa mata, ayyiriri ta ko'ina, a gidan kumandan! Kumandan ya yi dariya har yana dukan cinya, ya tafa, ya jawo matarsa, sauran sunka biyo baya, ɗakin ya cika.

Bilki ta same ni wurin randar ruwa, mafici na ta aiki.

"Duk gari ya gani. Ke ka jan shi."

"I, Yaya. Kuma bai hwaɗi ba."

Issufu na bayana, ban san ya ji ba. Yac ce, "Yaya, daga yau duk inda za ni, da ita za ni. In ba ta, wa zai kai ni?"

Ta koma kujerarta.

Ana cikin rawa ta uku na hango Madam Larai ta taga. Can ƙarshen shinge, nesa da mutane, cikin rigar nan ruwan madara. Ta rataye sandarta a waya. Hannunta ɗaya a sama, ɗaya a kan kafaɗar da ba kowa, ido a lumshe, tana ɗan lilo. Na nuna wa Issufu da haɓa, a hanyar gida na ba shi labarin duka. Da munka kai ƙofa ya tsaya.

"Gobe ki kai ni wurinta."

"Akawu, namiji bai shiga gidan nan. Shekara goma sha ɗaya."

"Ki dai kai ni. Ke ta ba ki takun mijinta. Ya kamata wani shi je shi ce mata an gode."

Washegari bayan azahar munka tsaya a ƙofar gidan, ni da shi, ya riƙe hularsa a hannu. Awaki sunka ɗago suna kallonsa. Ya gyara murya ya yi sallama.

Shiru.

Ya sake. Na ce mu koma, kada mu tada mata hankali. Ya girgiza kai, ya yi ta uku.

Ba wanda ya amsa. Amma daga can ɗakin tsakiya munka ji ƙwas, ƙwas na sanda ta ratsa daɓe, ta tsaya. Sai kuma ƙarar hannun garmaho, ana zagaya shi a hankali.